Gasar kimiyya: Kwalaben wake daga Saminaka sun fi gidan kwali mai fitila

A makon jiya wani tsohon ɗalibina ya kira ni a waya. Yanzu shi ma malami ne, yana koyar da kimiyya a wata sakandare da yaran Saminaka da na ƙauyukan kewaye suke zuwa. Saminakar ƙasar Birnin Gwari nake nufi, ba ta Lere da ke kan hanyar Jos ba.

Bayan mun gaisa, na tambaye shi iyali da aikin kaka, sai ya ce: "Malam, shawara nake nema. An turo mana takardar gasar kimiyya, shugaban makaranta ya ce lallai mu shiga. Ka san ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da wuta, ko kwalbar gwaji ɗaya ba mu da ita. Shi ne na ce ko in shiga gari in sami mai gyaran rediyo ya haɗa mana ɗan gida na kwali mai fitilu da fanka, yara su haddace bayani. Yaya ka gani?"

Na ce masa kada ya kuskura. Kafin in gama bayani layin ya katse, kamar yadda ya saba a wancan yankin. Amsar da ban samu na ba shi ba ita ce zan rubuta a nan, domin na tabbata ba shi kaɗai ne ke wannan tunani ba.

Ban ga laifinsa ba, don na san abin da ya gani ya kai shi ga haka. Shekarun baya an gayyace ni alƙalanci a wata gasa ta 'yan sakandare a cikin garin Kaduna. Zauren ya cika da kaya masu ɗaukar ido: gidajen kwali masu fitilu, jirgi mai saukar ungulu da aka yi da gwangwani, danja mai canza launi. Manyan baƙi suna zagayawa suna tafi, ana ta ɗaukar hoto.

Na tsaya a gaban wata yarinya mai gidan kwali. Ta zubo bayani da Turanci tiryan-tiryan, babu gargada. Da ta gama na ce, "'Yata, in na cire wannan ƙwan fitila guda ɗaya, me zai sami sauran?" Ta dube ni, ta waiwaya ta dubi malaminta da ke tsaye a bayanta, sannan ta sake ɗauko bayanin daga farko. Idonta ya ciko da hawaye. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, ko daga haddar da ta yi za ka gane. Abin da ke gabanta ne ba nata ba, kuma ta san na gane.

Can a kusurwa akwai wani yaro da kwalabe uku na ruwan rijiya da littafin rubutu mai yagaggen bango. Ya gwada garin ƙwallon zogale da alif, don ya ga wanne ya fi saurin kwantar da laka a ruwa. Duk abin da na tambaye shi yana da amsa, amsar kuma tana cikin littafin, da kwanan wata. Har ya nuna mini shafin da gwajin ya lalace saboda ya cika garin zogalen, ruwan ya ƙara duhu maimakon ya washe.

Yaron ya koma gida hannu biyu. Gidan kwali na wata makaranta ne ya ɗauki kofi, kuma ni ma na sa hannu a takardar sakamakon. Har yau abin yana damuna.

Abin da aka rasa a shekarun rashin tsaro

Duk wanda zai yi maganar makaranta a Birnin Gwari sai ya tuna abin da yaran suka wuce ta ciki. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai 27 daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, maƙwabciyarmu ta Jihar Neja. Ba a cika wata guda ba, ranar 15 ga Maris, 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama a cikin ƙaramar hukumar Birnin Gwari suka tafi da malamai uku. A ƙarshen Satumban wannan shekara aka rufe layukan waya a yankin har kusan wata biyu. A ranar 7 ga Maris na 2024 kuma aka yi ta Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Kasuwa takan cika a rana ɗaya. Aji ba haka yake ba. Akwai yaran da suka yi shekaru suna gudun hijira tsakanin gidajen 'yan'uwa, sun dawo sun girma amma karatunsu yana inda suka baro shi.

Irin waɗannan yara ne za a ce a saya wa gidan kwali su tsaya a gabansa. Me muka koya musu ke nan? Mun ce musu kimiyya aba ce ta birni, ana sayo ta da kuɗi, su nasu hadda ne da murmushi a gaban kyamara. Kuma ko ta fuskar cin gasa ma dabarar ba ta ɓullewa. In dai gasar kyan kwali ce, ɗan makarantar kuɗi da ke Kaduna, wanda mahaifinsa zai biya injiniya, zai doke ɗan Saminaka sau goma cikin goma. Zanen aro ba ya rufe katara.

Amma akwai fagen da ɗan Saminaka ya fi ɗan birni nisa. Ya san yadda ƙwaro ke cin wake a rumbu. Ya san wane itace ne ke saurin cinyewa a murhu, wanne ne ke jimawa. Ya san launin ruwan rafi a watan Agusta da launinsa a Janairu. Aikin kimiyya na ɗalibi tambaya ce ƙarama wadda za a iya amsa ta da awo da ƙirga, kuma irin waɗannan tambayoyi a ƙofar gidansa suke zube.

Tukunya cikin tukunya

Wanda ke ganin ina faɗin haka ne don lallashi, ya tuna da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse. A shekarun 1990 ya ɗauki tukwanen ƙasa biyu, ƙarama a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi. Dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi ke nan, kakanninmu sun san wannan tun tuni. Shi ya mayar da shi abin adana tumatir da yalo da alayyafo, ya yaɗa shi a ƙauyuka. An ruwaito cewa yalon da kan lalace cikin kwana 3 yakan kai kwana 27 a cikinta. A shekarar 2000 ya karɓi lambar yabo ta Rolex a kan wannan aiki. Babu batir, babu waya, babu kwali.

To ga tambaya kyauta ga ɗan Saminaka. Wannan tukunya da busasshiyar iska take aiki, domin in iska ta riga ta ƙoshi da laima ba ta ɗaukar wani ruwan kirki. Dutse ta fi Birnin Gwari bushewa. Shin tukunyar za ta yi sanyi a Saminaka kamar yadda take yi a Jigawa? Nawa ne bambancin zafin ciki da na waje da hunturu, nawa ne da bazara, nawa ne a tsakiyar damina? Yaron da ya auna wannan safe da rana da yamma, ya rubuta, ya zo da abin da babu shi a littafin da aka ba shi a makaranta, kuma mai sayar da tumatir a kasuwar garinsu zai amfana da shi. Abin da zai saya ma'aunin zafi ne guda biyu. A kula, ba irin na auna zazzaɓi da ake sayarwa a kemis ba, shi wannan ba ya karanta sanyin da ya yi ƙasa da zafin jikin mutum sosai.

A waje ma haka abin yake. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 16 daga Afirka ta Kudu, Kiara Nirghin, ta lashe babbar kyautar gasar kimiyya ta Google. Ƙasarta na fama da fari a lokacin, ita kuma ta haɗa wani abu daga ɓawon lemo da na fiya mai riƙe ruwa a cikin ƙasar shuka. Da abin da ake zubarwa a bola ta yi aiki, amma ta gwada, ta auna, ta kwatanta.

Da ni ne malamin, da wake zan fara

Yanzu kaka ce, wake yana shigowa gida, kuma kowace uwa a Saminaka ta san abin da zai same shi nan da 'yan watanni. Ƙwaron wake yana yin ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shiga tana ci daga ciki, bayan mako uku zuwa huɗu in ana zafi ta fito babban ƙwaro, ta bar rami. Kowane gida da dabararsa. Wasu toka suke cuɗawa, wasu garin ganyen dogon yaro, wasu barkono, wasu su ɗura a jarka su toshe. Kowa yana rantsuwa tasa ce ta fi. Wa ya taɓa ƙirgawa?

Ga yadda zan tsara. A samo wake daga buhu ɗaya, kada a gauraya na gidaje daban-daban. A ɗebi ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a ƙirga masu rami, a rubuta. Wannan shi ne mafari. Sannan a raba waken daidai wa daida a kwalabe 12 iri ɗaya. Uku a sa musu toka, uku garin dogon yaro, uku a cika su har baki a toshe su yadda iska ba za ta shiga ba. Ukun ƙarshe kada a sa musu komai, a ɗaure bakinsu da ƙyalle kawai.

Waɗannan ukun da ba a sa wa komai ba su ne yara kan ga kamar ɓata wake ne, alhali su ne ƙashin bayan aikin. In babu su, da me za ka kwatanta? In waken toka bai huje ba, ta yaya za ka san tokar ce ta hana, ba dai waken ne tun asali ba shi da ƙwaro ba? Dalilin yin uku-uku kuma shi ne kwalba ɗaya tana iya yi maka ƙarya. Wataƙila murfinta ya tsage, wataƙila rana ta fi dukanta. In uku suka faɗi magana ɗaya, ka fara samun abin kamawa.

Duk mako a ƙirga ƙwaya 100 daga kowace kwalba a mayar. Ban da waɗanda aka toshe: su ba a buɗe su sai ranar ƙarshe, domin sirrinsu shi ne ƙwarin su shanye iskar da ke ciki su mutu, in ka buɗe ka ba su sabon numfashi. Wannan ita ce hikimar buhun PICS, mai leda biyu a cikin buhu na uku, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Kamaru, aka fara yaɗa shi a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007. Yaron da ya gano dalilin da jarkar mahaifinsa take aiki ya taka sawun waɗannan masana ne da ƙafarsa.

Tunda rayuwar ƙwaron kanta tana cin kusan wata guda, kuma sanyin hunturu yana ƙara jinkirta ta, aikin yana buƙatar wata biyu zuwa uku. A nan ne yawancin makarantunmu suke faɗuwa. Takardar gasa takan kwana a aljihun tebur, sai saura kwana biyar a tuna da ita. A kwana biyar kuwa babu abin da za a iya haɗawa sai kwali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda wake bai yi masa ba, ga murhu. Kowa a Birnin Gwari yana ganin motocin itace da gawayi suna fita. A ɗora tukunya ɗaya, da ruwa mai yawa ɗaya, a kan murhun duwatsu uku, sannan a kan murhun laka mai kewaye. A auna itacen da sikelin masu sayen hatsi kafin a hura da bayan ruwan ya tafasa. A maimaita sau biyar. Lissafin itacen da gida ɗaya zai rage a shekara ya ishi alƙali ya gyara zama. Ga kuma zoɓo: ruwansa yakan ƙara ja in ya haɗu da abu mai tsami kamar lemon tsami, ya koma kore-kore in ya haɗu da kanwa ko ruwan toka. Wanda ba shi da takardar gwajin tsami ta ɗakin gwaje-gwaje, yana da ita a kwanon mai sayar da zoɓo.

Inda ba a tura yaro

Akwai iyaka, kuma ba ta wasa ba ce. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120. Da zamani na lafiya ne, da babu ɗakin gwajin da ya kai shi ga yaran wannan yanki. Amma sulhu bai mayar da daji filin makaranta ba. Kada malami ya tura yaro neman ganye ko ƙirga itatuwa a inda ubansa ma sai ya yi shawara kafin ya je. Duk aikin da ba za a iya yi tsakanin gida da makaranta da kasuwa ba, a bar shi.

Haka ramukan zinare. Na san wani zai ce gwajin ƙasar ma'adinai zai burge alƙalai. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. A 2015 ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, nan kusa da mu. Babu kofin da ya kai yaro ya ɗauko wannan ƙura a hannunsa. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhun hatsi da ruwan feshi su ma kada a sa su cikin gwajin yara, ko da sunan kwatantawa ne.

Littafin shi ne aikin

Tun ranar farko a ba yara littafin rubutu guda, su rubuta da biro, kowane shafi da kwanan wata. Ba a yage shafi, ba a goge kuskure, layi ɗaya ake ja a kansa. Ranar da akuya ta ture kwalba a rubuta. Ranar da aka manta ba a ƙirga ba a rubuta an manta, kada a ƙirƙiro lamba a cike gurbin. Malamai da yawa sukan sa a kwafe komai a sabon littafi mai tsafta daren gasa. Kuskure ne. Alƙalin da ya san aikinsa ya fi yarda da littafin da ya ga shatin toka da yatsa a jikinsa.

Batun miƙa aiki ba shi da wuya in an karanta takardar gasar tun ranar da ta iso: ranar rufe karɓa, yawan ɗaliban da aka yarda su haɗu, sa hannun shugaban makaranta, izinin iyaye a rubuce, da taƙaitaccen bayani. Ko gasar ƙungiyar JETS ce ta Ma'aikatar Ilimi, ko ta ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, kowacce da ƙa'idarta. Taƙaitaccen bayanin yaro ne zai rubuta da kansa: me na tambaya, yaya na gwada, me na samu da lambobi, me ya rage ban sani ba. In ta intanet ake turawa, kada a jira ranar ƙarshe a yankin da layi ke zuwa yana tafiya. A ɗauki hoton kowane shafi a waya, a ajiye kwafi a wayar mutum biyu.

Ranar tsayawa gaban alƙalai

Babbar gasar kimiyya ta 'yan sakandare a duniya ita ce ISEF da ake yi a Amurka, wadda ta faro tun 1950. Ku dubi yadda take raba maki 100. Allon da aka manna bayani yana da maki 10 kacal. Hirar da alƙalai suke yi da ɗalibi tana da 25. Sauran sun tafi ga kyawun tambaya, tsarin gwaji, tattara sakamako da fassara shi, da sabon tunani. Taƙaitaccen bayani ba ya wuce kalma 250. Ba a ma yarda ka ajiye tsiro mai rai ko ƙasa ko abinci a teburinka ba. Hotuna da lambobi da abin da ke kanka su ne kayanka.

Ke nan shirin gabatarwa shirin amsa tambaya ne. A tara 'yan ajin, kowa ya jefo wa masu aikin tambaya. A kira wani dattijo manomi ya zauna a matsayin alƙali, shi ba ya jin kunyar cewa "ban gane ba, sake faɗi". A koya wa yaro cewa "ban gwada wannan ba" amsa ce mai daraja, ta fi ƙarya mai santsi. A zana sakamakon da hannu a kan kwali fari, da manyan lambobi da za a iya karantawa daga taku uku. Kwali yana da amfaninsa, a nan ne wurinsa.

A kuma hana yaro faɗin abin da bai auna ba. A 2012 wasu 'yan mata huɗu a Legas suka nuna janareto da aka ce lita ɗaya ta fitsari tana ba shi wutar awa shida. Labarin ya zagaye duniya. Daga baya injiniyoyi suka yi tambaya guda: wutar da ake kashewa wajen raba fitsarin don a fitar da iskar da injin ke ƙonawa, nawa ce in an kwatanta da wadda ake samu? Ƙa'idar kimiyya ta ce ta shiga ta fi ta fita. 'Yan matan sun yi ƙoƙari da ya cancanci yabo. Manyan da ke kewaye da su ne ya kamata su sa su auna kafin a kira 'yan jarida.

Sai batun harshe, wanda na san za a yi mini gardama a kansa. Ra'ayina shi ne yaro ya fara bayyana aikinsa da Hausa har sai kakarsa ta gane, sannan a taimaka masa ya mayar da shi Turanci mai sauƙi, gajerun jimloli, kalmomin da ya san ma'anarsu. Wanda ya fahimta da harshensa, in Turanci ya ƙwace masa a tsakiyar magana zai nemo wata hanyar faɗi. Wanda ya haddace, kalma ɗaya ta ɓace masa shi ke nan. Tun 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da 'yan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Ban ga abin da zai hana alƙali a matakin ƙaramar hukuma, in ya ga yaro ya sarƙe, ya ce masa "faɗa mini da Hausa" ba. Kimiyya muka zo aunawa, gasar Turanci tana da ranarta.

Tsohon ɗalibina zai iya cewa, "Malam, duk na ji, amma kai da bakinka ka ce gidan kwali ne ya ci kofi." Gaskiya ne, kuma ba zan yi masa alƙawarin cewa a bana alƙalai sun canza ba. Wannan ƙorafi na masu shirya gasa ne, kuma ga abin da nake roƙonsu. A fitar da tsarin rabon maki tare da takardar gayyata, kowa ya gani. A wajabta kawo littafin aiki. A fitar da malamai da iyaye daga zauren lokacin hira da yara. A gama ba da maki kafin manyan baƙi su shigo, domin na ga yadda tafin babban baƙo yake karkatar da biron alƙali, nawa ma ya karkata. Sannan a tuna cewa tsakanin Birnin Gwari da Kaduna tafiyar fiye da kilomita 100 ce. Gayyatar da ba ta zo da kuɗin mota da tsarin tafiya cikin aminci ba, ta 'yan birni ce kawai, ko da an rubuta sunan kowace ƙaramar hukuma a kanta.

Shekaranjiya ya sake kira, layin ya ɗan zauna. Ya ce ya kai maganar wake aji, sai gardama ta kaure. Wata yarinya ta ce kakarta toka take sawa kuma wakenta yana kaiwa damina. Wani yaro ya ce tokar banza ce, jarkar babansa ta fi. Har wanda bai taɓa ɗaga hannu a aji ba ya ce su a gidansu barkono ne. Ya ce musu kwalabe ne za su raba wannan gardama, kuma ya ƙara uku saboda mai barkono.

Zuwa yanzu sun tara kwalabe tara, mai shayin bakin kasuwa ya yi alƙawarin cike sauran. Na ce masa ya tabbata duk girmansu ɗaya. Ranar Litinin za su yi ƙirgar farko.